Yadda Ma'aikaci Zai Shirya wa Jarrabawar LSAT Ba Tare da Ya Ajiye Aikinsa Ba

A Najeriya yaro yana gama sakandare sai ya rubuta JAMB, ya yi shekara biyar a jami'a yana karatun lauya, daga nan ya wuce makarantar horon lauyoyi a Bwari ko Bagauda ko Yola. A Amurka ba haka abin yake ba. Sai ka gama digirin farko a kowane fanni, ko lissafi ne ko aikin jinya ko tarihi, sannan ka nemi shiga makarantar lauya, ka yi shekara uku ka fito da digirin da suke kira JD. Shi ya sa da yawa daga cikin masu nema ba yara ba ne. Mutane ne masu aiki, masu biyan kuɗin haya, wasu da iyali, wasu kuma duk ƙarshen wata ana jiran saƙonsu a gida. Ƙofar da mafi yawansu suke bi ita ce jarrabawar LSAT, wadda hukumar LSAC take shiryawa domin makarantun lauya na Amurka da Kanada.

Ga wanda yake aikin awa arba'in a mako na rubuta wannan, namiji ko mace, ko yana Bronx ne ko Houston, ko kuma yana Kano yana shirin nema daga nesa. An ce ba a tauna taura biyu, amma wannan tana taunuwa idan aka bi ta da tsari.

Da farko, tabbatar kana buƙatarta

Idan ka riga ka yi digirin lauya a Najeriya ko Ghana, kuma abin da kake so shi ne digiri na biyu na shekara ɗaya da ake kira LLM, to ba ruwanka da LSAT. Masu neman JD ne suke rubuta ta. Haka kuma akwai makarantun da suke karɓar makin GRE, wata jarrabawa ta masu neman karatun gaba da digirin farko, a madadinta. Shiga shafin kowace makarantar da kake sha'awa ka karanta sharuɗɗanta da idonka kafin ka kashe ko sisi.

Ka duba kuma irin karatun da za ka iya. Wanda ba zai iya barin aiki ba ko bayan ya samu shiga, akwai makarantu masu ajin yamma, irin su Georgetown a Washington da Fordham a New York, inda ake yin shekara huɗu maimakon uku. Kowace makaranta tana wallafa matsakaicin makin ɗaliban da ta ɗauka. Rubuta na makarantu biyar ko shida a takarda. Wannan lambar ita ce alƙiblarka.

Ka san siffarta

Sashe huɗu ne, kowanne minti 35, da hutun minti 10 bayan na biyu. A kwamfuta ake yi, kowace tambaya da zaɓi biyar. Sashe biyu na auna hujja ne, wanda suke kira Logical Reasoning, tambaya wajen 25 a kowanne. Ɗaya na karatu da fahimta ne, mai ɗauke da rukunin rubutu huɗu masu nauyi. Na huɗun na gwaji ne, ba a lissafa makinsa, sai dai ba za a gaya maka wanne ne ba, don haka duka za ka yi su da gaske. Maki yana farawa daga 120 ya tsaya a 180. Tsakiyar masu rubutawa tana wajen 150 da 'yan kai, manyan makarantu irin su Yale da Harvard kuwa yawancin ɗalibansu sun haura 170. Ba a rage maki don ka yi kuskure, saboda haka ba a barin tambaya babu amsa.

Akwai kuma rubutun insha'i da ake yi daban a gida, minti 15 na tsara tunani da minti 35 na rubutu. Ba shi da maki, amma ana aika wa makarantu su karanta, kuma ba za a saki sakamakonka ba sai da shi.

Abu ɗaya da zai cece ka daga asarar watanni: tun daga watan Agustan 2024 aka cire sashen da ake kira Logic Games, mai zane-zane da jera mutane a kujeru. Idan wani ya ba ka tsofaffin littattafansa, karɓa ka gode, amma ka tsallake wannan babin gaba ɗaya.

Kada ka shigo da tunanin hadda. Mu da muka tashi a makarantun da ake haddace bayanin malami a zuba masa a takarda, nan ne muke fara tuntuɓe. LSAT ba ta tambayar ka ko doka ɗaya. Abin da take aunawa shi ne ko za ka iya karanta magana ka gane me mai ita yake so ka yarda da shi, da me ya kafa hujja, da kuma inda maganarsa ta yi rauni.

Yi gwajin farko kafin ka karanta komai

Buɗe asusu a LawHub, shafin LSAC ne, akwai tsofaffin jarrabawoyi na gaske kyauta, a tsarin da za ka tarar ranar jarrabawa. Zaɓi ranar da ba ka aiki, ka kashe waya, ka zauna awa biyu da rabi ka yi guda ɗaya da agogo. Makin da zai fito zai iya sa gabanka ya faɗi. Bar shi. Amfaninsa shi ne ya nuna maka nisan tafiyar. Idan ka samu 148 kana neman 160, ka san aikin watanni ne. Idan 158 ka samu, tafiyarka ta fi gajarta.

Ƙirga baya ka tsayar da lokaci

Makarantu suna buɗe karɓar takardu wajen watan Satumba, kuma da yawansu suna duba su ne yadda suke shigowa. Wanda ya miƙa a Oktoba ko Nuwamba ya tarar da guraben da kuɗin tallafi ba a taɓa ba, wanda ya jira Fabrairu kuwa saura ya tarar. Ana yin jarrabawar sau da yawa a shekara, ciki har da Yuni, Agusta, Oktoba da Nuwamba, sakamako kuma yana fitowa bayan kamar mako uku. Mai rubutawa daga wajen Amurka ya duba da kyau, domin ba kowane zagaye ake buɗe masa ba.

Shawarata ga ma'aikaci ita ce wata biyar zuwa shida. Ka sa ran rubutawa a Yuni ko Agusta, yadda idan ba ta yi kyau ba kana da sauran dama a Oktoba. Wato karatu ya fara tun Janairu ko Fabrairu. Ɗalibin da ba shi da aikin komai zai iya gamawa a wata uku. Kai ba shi ba ne, kada ka auna kanka da shi.

Kuma dama tana da iyaka: sau biyar cikin shekara biyar, sau bakwai a duk tsawon rayuwa, makarantu kuma suna ganin duk makin da ka taɓa samu a shekarun nan biyar. Kuɗin rajista ya haura dala 200 kowane zama. Saboda haka ba jarrabawar da ake shiga don a gani ba ce.

Nemo awa ɗaya mai kyau, ka tsare ta

A nan ne maganar take. Yawancin ma'aikata suna cewa za su yi karatu da dare bayan sun dawo. Mako biyu ake yi a watse. Mutum ya wuni a tsaye a asibiti ko a bayan sitiyari ko gaban kwamfuta, ya dawo ya ci tuwo, ido ya yi nauyi, sannan ya buɗe rubutu mai sarƙaƙiya kan falsafar shari'a? Zai karanta layi ɗaya sau huɗu. Abin da ya fi muni, zai fara zaton kansa ne ba ya ja, alhali gajiya ce kawai.

Da sanyin safiya ake kama fara. Mu da muke tashi sallar asuba muna da wata dama da abokan takararmu suke wahala kafin su samu. Idan ka idar da salla kada ka koma shimfiɗa. Zauna a teburi awa ɗaya, kafin yara su tashi, kafin saƙonnin wurin aiki su fara shigowa. Wayar ta kwana a wani ɗakin. Tun da dare ka buɗe shafin da za ka fara da shi, domin idan ka tsaya neman abin karantawa da safe, minti ashirin sun tafi. Farashin wannan awar shi ne kwanciya da wuri, wato hirar bayan isha'i da kallon waya a gado sun ƙare na wata shida. Ba na ganin akwai wata hanyar kauce wa wannan.

Mai aikin dare ya juya tsarin. Ba a tashi daga aiki a zauna karatu. Yi barcinka tukuna, awar farko bayan ka farka ita ce taka. Ƙa'idar ɗaya ce: jarrabawar ta samu kanka lokacin da yake sabo, aiki ya samu saura, tunda aikin ka riga ka iya shi.

Lissafin mako zai zama kamar haka: awa ɗaya sau biyar a ranakun aiki, awa huɗu ranar Asabar, awa uku ranar Lahadi. Awa 12 ke nan. A mako 20 ka tara awa 240. Ware rabin yini a mako da ba za ka taɓa littafi ba. Ƙananan lokuta kuma suna da amfaninsu: a cikin jirgin ƙasa ko bas ka karanta maƙala mai nauyi, a hutun cin abincin rana ka yi tambaya biyar. Amma su ƙari ne, ba su maye gurbin awar safe. Lokacin da ake biyanka albashi a kansa kuwa amana ne, kada ka ɓoye littafi a ƙarƙashin teburin ofis.

Zauna da mutanen gidanka tun kafin ka fara. Gaya wa matarka ko mijinki ranar da za a fara da ranar da za a gama, da abin da zai canza. Idan mace ce mai aiki da yara da girki, wannan zaman ya fi kowane littafi muhimmanci, domin awa 12 ba za su fito ba sai wani ya ɗauki wani abu daga kanta. Biki da suna da taron ƙungiyar 'yan gari, zaɓi waɗanda ba makawa, sauran ka kira ka ba da haƙuri.

Wata biyun farko: ajiye agogo, koyi warware hujja

Kashi biyu cikin uku na makinka daga sashen auna hujja yake fitowa, don haka nan za ka fi daɗewa. Kowace tambaya gajeren sakin layi ne. Kafin ka kalli zaɓin amsa, yi abu uku. Nemo matsayar mai magana, wato abin da yake so ka yarda da shi. Nemo dalilan da ya kawo. Sannan ka tambayi kanka: me ya ɗauka gaskiya ne bai faɗa ba?

Ga misali. Wani ya ce: shagunan kasuwarmu da suka sa fitilar sola sun fi sauran ciniki, don haka sola tana kawo ciniki. Matsayarsa ita ce sola tana kawo ciniki. Dalilinsa, an ga abubuwan biyu tare. Ina ramin? Wataƙila masu cinikin ne dama suke da kuɗin sayen sola. Wataƙila shagunan duk a bakin titi suke, titin ne ya kawo cinikin. Idan aka ce ka raunana maganarsa, amsar da ta nuna ɗaya daga cikin waɗannan za ka nema. Idan aka ce ka ƙarfafa ta, sai ka nemi wadda ta toshe su. Wannan ramin, na ɗaukar haɗuwar abu biyu a matsayin ɗaya ne ya jawo ɗaya, yana dawowa a jarrabawar ba adadi.

Na biyu da ya fi kayar da mutane shi ne bambancin sharaɗin da dole sai da shi, da wanda shi kaɗai ya isa. Duk wanda ya zauna gaban malamin fiƙihu ya san wannan ko bai san sunansa na boko ba. Salla ba ta inganta sai da tsarki. Idan sallar mutum ta inganta, mun tabbata yana da tsarki. Idan ba shi da tsarki, mun tabbata ba ta inganta ba. Amma don yana da tsarki ba za mu ce sallarsa ta inganta ba, domin yana iya barin wani rukuni. Masu shirya jarrabawar suna sa amsar da ta juya maganar, wato yana da tsarki don haka sallarsa ta yi, su jira mai gaggawa ya faɗa. Duk jimlar sharaɗi da ka gamu da ita, tsaya ka rubuta wanne ne dole, wanne ne ya isa, har abin ya zame maka jiki.

Ƙananan kalmomin Turanci ma suna da ma'ana tsayayya a nan. Idan suka ce some, ko guda ɗaya ya wadatar, kuma yana iya zama duka. Idan suka ce most, fiye da rabi ake nufi. Amsa takan zama daidai a komai, kalma ɗaya mai ƙarfi fiye da kima ta ɓata ta.

Ɗauki nau'in tambaya ɗaya a mako: na gano zato ɓoyayye, na raunanawa, na ƙarfafawa, na gano kuskuren hujja, na abin da dole ya biyo baya. Tambaya goma da ka fahimta sarai sun fi hamsin da ka bi a guje. Kuma da tambayoyin LSAC na gaske za ka yi aiki. Waɗanda wasu suka ƙirƙira suna kwaikwayo ba su da daidaiton na asali.

Littafin kurakurai

Sayi littafin rubutu guda, ko ka buɗe fayil. Duk tambayar da ka faɗi, ko ka ci da sa'a, rubuta abu uku da kalmominka: me ya ja ni zuwa amsar da na zaɓa, me ya sa ba ita ba ce, me ya sa na ƙi ta gaskiyar. Idan Hausa ta fi yi maka sauƙi, rubuta da Hausa. In ka iya bayyana ramin hujja da harshen da kake tunani da shi, to ka gane shi.

Akwai wata dabara da nake ganin ta fi kowace amfani ga mai ƙarancin lokaci. Bayan ka gama sashe da agogo, kada ka duba amsoshi. Koma kan duk tambayar da ka yi shakka, ka sake ta ba agogo, ka rubuta amsa ta biyu. Sannan ka duba. Idan ta biyun ta yi daidai, matsalarka sauri ce. Idan duka biyun sun faɗi, fahimta ce ba ta zauna ba, sai ka koma darasin. Idan kuwa ka faɗi tambayar da ko shakka ba ka yi ba, wannan ce mafi haɗari, ita za ka fi daɗewa a kai. Duk ranar Lahadi ka karanta littafin daga farko. Bayan wata guda za ka ga kurakuranka ba su da yawa, iri uku ne ko huɗu suke ta canza riga.

Sashen karatu

Rubutu huɗu cikin minti 35, wato ƙasa da minti tara kowanne har da tambayoyinsa. Batutuwan daga shari'a suke zuwa, da kimiyya, da adabi ko fasaha, da nazarin zamantakewa. Kada ka yi ƙoƙarin riƙe kowane bayani, rubutun yana gabanka, za ka iya komawa. Bayan kowane sakin layi, faɗa wa kanka aikinsa a kalma biyar: nan ya kawo tsohon ra'ayi, nan ya soke shi, nan ya faɗi nasa. Ka lura da ra'ayin wane ne ake faɗa, na marubucin ko na waɗanda yake suka. Wanda Turanci ba harshensa na farko ba ne ya riƙa karanta doguwar maƙala ɗaya kullum daga mujallu irin su The Economist ko Scientific American. Wannan sashen a hankali yake gyaruwa, shi ya sa ake fara shi tun makon farko.

Daga wata na uku: dawo da agogo

Fara da sashe ɗaya na minti 35 a awarka ta safe, sauran minti 25 na bita. Ranar Asabar ka yi cikakkiyar jarrabawa, sashe huɗu, hutun minti 10 kacal, a daidai lokacin da kake sa ran rubuta ta gaske. Lahadi ta zama ta bitarta. Jarrabawar da ba a yi bitarta ba an yi asararta, don haka guda ɗaya a mako ta ishi ma'aikaci. Idan na kyauta sun ƙare, LawHub yana da rajistar shekara mai buɗe sauran da yawa, kuma ta fi kwasa-kwasan dubban daloli araha nesa ba kusa ba. Mazauna Amurka da Kanada masu ƙaramin ƙarfi su duba ko sun cancanci yafewar kuɗi da LSAC take yi.

Koyi barin tambaya. Duk makinsu ɗaya, mai wuya da mai sauƙi. Idan ka yi minti biyu ba ka ga hanya ba, zaɓi ɗaya, sa mata alama, ka wuce.

Akwai lokacin da maki zai tsaya cik mako uku ko huɗu, har ya ɗan sauka. Kusan kowa yana shiga wannan. Kada ka ƙara awoyi, kada kuma ka rage barci. Koma littafin kurakurai, ko ka huta kwana uku cur. Idan azumi ya faɗo cikin watanninka, mayar da karatun bayan sahur da asuba, ka rage yawansa, ka daina cikakkiyar jarrabawa da rana. Goman ƙarshe ka bar wa ibada, ka sa su cikin lissafinka tun farko don kada su zo maka kamar giɓi.

Rajista, da makon ƙarshe

Ana rufe rajista makonni kafin ranar, don haka ka sa ranar rufewar a kalanda. Ma'aunin shirinka shi ne matsakaicin gwaji biyar na ƙarshe, ba mafi kyawunsu ba. Idan ya yi ƙasa da burinka da maki biyar ko fiye, ɗaga zuwa zagaye na gaba. Maki uku ko huɗu suna iya zama bambancin samun tallafin karatu da cin bashi, a ƙasar da kuɗin makarantar lauya mai zaman kanta yakan wuce dala 50,000 a shekara.

Nemi hutun kwana biyu ko uku daga wurin aiki tun da wata guda. Ba dole ne ka faɗi dalili ba, sai dai ka tuna makarantu suna neman wasiƙar shaida, kuma wanda ya daɗe da barin jami'a yakan buƙaci ta shugabansa na aiki. Idan kuna da fahimta, gara ya ji daga bakinka da wuri. Wanda ya yi digirinsa a Najeriya ko Nijar ya fara neman jami'arsa ta aika takardar sakamakonsa zuwa LSAC tun yanzu, domin wannan yakan ɗauki lokaci fiye da yadda ake zato.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Gwaji na ƙarshe ya kasance saura kwana biyar ko shida. Insha'in ana buɗe shi kwana takwas kafin jarrabawa, yi shi ka sauke nauyin. Tabbatar sunan da ke kan fasfo ko katin shaidarka ya yi daidai da na rajista harafi da harafi, musamman mu da ake rubuta sunayenmu iri-iri, yau Muhammad gobe Mohammed. Idan a cibiyar Prometric, kamfanin da yake kula da zaurukan jarrabawar, za ka rubuta, je ka ga wurin tun kafin ranar, ka san tsawon tafiyar. Ranar jajibiri kada ka yi komai sai ɗan duba littafin kurakurai. Da safe ka ci abin da cikinka ya saba da shi, ka yi tambayoyi biyar masu sauƙi don kai ya warware, ka fita da wuri.

Idan sakamako ya fito bai kai ba, yawancin makarantu mafi girman makinka suke kallo. Huta mako guda, duba ranar rufe rajistar zagaye na gaba, ka buɗe littafin kurakuranka daga sashen da ya fi ba ka wuya a zauren jarrabawar.